Wai Yankana Ya Haramta

Garwa, daren Laraba

Yaushe karatu ya zama ridda? Hamadu kaɗai na gaya wa abin da na karanta: 'yan Hindu da yawa sun ce Ubangiji ɗaya ne duk da tarin gumakansu, kuma sun hana ƙarya da cutar da mai rai. Mamaki kawai na nuna.

Yau a mayanka ana ta cewa na koma bautar saniya, ni da nake yanka ta kullum da bisimilla. Sarkin fawa ya ce, "Yaro, ajiye wuƙar tukuna, ba mai cin yankanka."

Hamadu, wanda muka koyi fiɗa tare, ya sunkuyar da kai.

Gobe sai ya tsaya gaban mahauta ya maimaita kalmar kafircin da ya ce ya ji a bakina.