Karan Auna Rumbu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ɗiya ga mahaifiyarta, ko da yake shekara huɗu ke nan ba ki amsa mini.

Daga Belbeji nake rubuto miki. Jami'a ce ta turo ni in binciko dalilin da ya sa yaranmu ke faɗuwa a lissafi. Tun bara nake zaune a bayan aji ina kallo. Akwai wata yarinya da ke raba tuwo ga mutum goma sha ɗaya a gidansu, babu mai ƙorafi. Amma da mushe, malamin ajin, ya rubuta rabawa a allo da Faransanci, sai ta sunkuyar da kai. Da na gan ta, ke na tuna, raina ya ɓaci.

Kin tuna karanki? Bayan kaka a Tarka, kikan hau bakin rumbu ki auna tsayin geron da karan dawa, ki yi masa tsaga da wuƙa, kowace tsaga wata guda. Na tsakiya a matse, na ƙasa da tazara. Sai ki sauko ki ce zai kai mu sabon gero, ko ki ce a rage tiya tun yanzu. Ban taɓa ganin kin kuskure ba.

Ina lakwal, makarantar boko, a lokacin, kaina na hayaƙi. Na yi dariya, na ce miki wannan ba lissafi ba ne. Kika ce, "To Madam, ci tuwon dai." Ban sake tambayarki ba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Yanzu awon karan nan nake so in koya wa yaran, don su san lissafi ɗan gida ne. Na gane dalilin tazarar: rumbu ciki gare shi, tsakiyarsa ta fi faɗi. Amma yadda kike saka baƙi da azumi da ɓarnar ɓera a ciki, ban sani ba. Na tambayi tsofaffi har Tenhya, kowa ya ce ke kaɗai ke yin haka. Malamina na jami'a ya ce in ban iya gwada hanyar ba, in cire ta daga binciken.

Shi ya sa bayan kakar bara na gwada a rumbun Yaya Habu, da kara da takarda da duk abin da na karanta. Na ce masa ya kwantar da hankali, zai kai shi kaka, kada ya rage wa yara.

Jiya ya kira ni, Inna. Geron ya ƙare, shuka ko kai ba ta fid da ba. Bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi kawai, "Ba laifi, ai kin yi ƙoƙari." Na ajiye wayar, na rasa wanda zan gaya wa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini dariyar da na yi miki.

Ɗiyarki,
Balki