Tudun Ƙarfe Goma da Rabi

Assalamu alaikum 'yata likita mai amsa wasiƙu a jarida. Don Allah ki taimake ni kafin ƙarshen watan nan, don in ya ƙare ban san abin da zan ce ba, ɗauke ni za a yi daga gidana.

Ni ban yi makaranta ba, babban yatsa nake dangwalawa a takarda. Matar limamin unguwarmu ce ke rubuta mini wannan. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kar ta gyara, wa'azi kuma ta bari sai mun gama. Shekaruna sun haura saba'in, ban san da nawa ba. A wani ƙauye nake kusa da garin Charsadda, cikin gonakin rake.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina da ciwon suga. Ƙwaya safe da yamma, allura sau ɗaya a rana. Yayata da shi ta rasu, sai da aka yanke mata ƙafa tukuna, ni na yi jinyarta, na ga komai da idona. Shi ya sa tun ranar da likita ya faɗa mini, farin sugan nan na kanti bai ƙara shiga bakina ba. Ko a gidan biki. Kowa ya sheda.

Ɗana Naimat direban babbar mota ne a Sharjah, can ƙasar waje. Da ya zo hutu watan jiya sai ya kawo wani farin abu kamar maɓallin riga, aka manna mini a bayan damtse. Wai yana sauraron jinina ba hutawa, ya gaya wa wayar surukata Palwasha da muke gida ɗaya, wayar kuma ta kai wa Naimat rahoto har can. Duk kwana goma sha huɗu a cire a sa sabo. Yanzu na biyu ne a jikina.

To, a wayar akwai wani koren fili, da wani layi da ke tafiya a ciki kamar sawun maciji. In yana cikin koren, lafiya. Amma kullum ƙarfe goma da rabi na safe sai ya fita ya hau tudu, har ɗari biyu da sittin, ga wata 'yar kibiya ta miƙe tana nuna sama. Sai wajen azahar ya gangaro. Da zarar ya hau, wayar Naimat ta shigo. Ni ba ya yi mini faɗa, Palwasha yake yi wa. Wai me take ɗura wa uwarsa? Wai uwa ɗaya tak ya bar mata, ita ma ta kasa? Yarinyar nan kuwa har garin gurasata aunawa take yi, rabin gurasa take ba ni da wake da ganye, shinkafa sai dai in ji ƙamshinta a kwanon wasu. Sai ta tsaya riƙe da waya tana cewa to, to, zan kula. Ba ta taɓa mayar masa da magana ba.

Yanzu ya ce in tudun nan bai kwanta ba zuwa ƙarshen wata, zai sa a kai ni wurin ƙanwarsa a birnin Peshawar, tun da matarsa ba ta iya ba. Hawa na huɗu suke, 'yata. Ba tsakar gida, ba kaji, in ka leƙa taga sai wayoyin lantarki. Likitana da yake tura wa hoton layin kuma ya ce in mun je ƙarshen wata zai ƙara ƙarfin ƙwayar safe.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Malama, ki daina kallona, ki rubuta.

Ina da ƙawa, Bakht Zamina, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Shekara ɗaya aka kawo mu garin nan muna amare, tare muka yi haihuwa, tare muka zama marasa maza. 'Ya'yanta ke da wurin matsar rake a bakin hanya. Kullum ƙarfe goma nakan zaga wurinta mu zauna a gadon igiya muna shan hantsi. Ta dafa shayi da madarar ɓaunar gida da ake kiwo a nan, ba ta sa suga, ta san halina. Sai dai ta ajiye dunƙulen mazarƙwaila a faranti, mu gutsura mu sa a kunci mu kurɓi shayi a kai, yadda iyayenmu ke yi. Kofi bibbiyu. Yanzu kuwa lokacin sabuwa ne, mai gyaɗa da kwakwa a ciki, tana zuwa da ɗuminta daga tukunya.

Wallahi ni ban ɗauke ta a bakin suga ba. Ita ake ba mai jego, ita ake ba mai tari. Bakht Zamina ta ce rake ne da wuta kawai, daga gonarsu, ba ruwanta da injin kamfani. Da Palwasha ta tambaye ni ko na sha wani abu a waje, rantsuwa na yi mata ban sa suga a baki ba, kuma a zuciyata gaskiya na faɗa. Amma dai don kar a yi ta surutu, nakan tabbatar wayar tana gida kafin in fita. Na ɗauka ba ta gani ta bayan katanga. Ashe da na dawo maɓallin zai zayyana mata komai, munafuki.

Ranar Juma'a Bakht Zamina kan tafi gidan 'yarta, ba ma haɗuwa. Juma'a uku ke nan layin yana kwance cikin korensa kamar an yi masa shimfiɗa. A ta ukun ne na fara zargin mazarƙwailar.

Na gwada ƙi sau ɗaya. Na ce mata yau cikina ba daɗi. Ta dube ni ta ce wai tun da aka sa mini alama a hannu kamar saniyar gwamnati na fi ƙarfin kofinta ke nan? Wai in je in sha na Sharjah. Ta kifa kofin a faranti ta juya mini baya. Kin dai san mu, wanda ya ƙi shayin gidanka ya gaya maka abin da ke ransa. Shekara hamsin ba ta taɓa juya mini baya ba. Don in shawo kanta kofi uku na sha ran nan. Layin ya wuce ɗari uku, Palwasha kuma ta sha faɗan da sai da ta shiga kicin ta yi kuka. Ina jin ta. Na kasa tashi daga inda nake.

Akwai kuma wani abin. In na kishingiɗa bayan azahar a kan hannun da maɓallin yake, wani lokaci wayar ta kama ihu wai na sauka sittin. Ni kuwa garau nake jin jikina. Don tsoro sai in ci dabino huɗu, layin ya sake hawa. Na rasa wanne ne gaskiya.

Palwasha ma ta canja mini. Ran Juma'ar nan ta daɗe tana kallon wayar, ta ɗago ta dube ni. Washegari zan fita sai ta tare ni da dafaffen ƙwai da 'yar gyaɗa, wai Inna ki ci wannan kafin ki zaga. Tun daga nan kullum haka. Ko fushi take yi da ni, ban sani ba.

'Yata, ki faɗa mini tsakani da Allah, tudun nan shi ne zai ci ƙafata? Akwai wata lamba kuma, sittin da huɗu, wai ita ce zamana a cikin koren. Naimat ya ce ko ɗan makaranta ya kawo sittin da huɗu ba a yanka masa kaza. Ko in riƙa ɓamɓare maɓallin ƙarfe goma in mayar da azahar? In na faɗi gaskiya za a hana ni Bakht Zamina. In na yi shiru za a kai ni Peshawar, yarinyar mutane kuma ta zauna da sunan wadda ta kasa riƙe uwar miji. Ban san wanne zan ɗauka ba.

Tsohuwa mai maɓalli a damtse,
Charsadda.

Wa alaikumus salam Inna.

Ki fara sauke numfashi. Sittin da huɗun nan ba makin jarrabawa ba ne. Ma'anarta, in an raba yininki kashi ɗari, kashi sittin da huɗu jininki yana inda ake so. Ga masu shekarunki, likitoci da yawa sukan gamsu in an wuce rabi, muddin layin ba ya faɗawa ƙasa da saba'in. Kina da wannan alhali tudun yana nan, to ina ga ya ragu? Abin da ke cin ƙafa shi ne suga ya yi shekaru yana sama ba a kula ba. Ke kina kula. Ki dai riƙa duba tafin ƙafa kullum, ko a duba miki.

Amma mazarƙwaila suga ce, Inna. Raken da ake yin farin da shi, shi ne dai, jini kuma ba ya bambance su sosai. Ba ki yi ƙarya ba da kika rantse, ba ki sani ba ne. Yanzu kin sani, kuma ke da kanki kika gano, da Juma'a uku. Abin da aka yi maɓallin dominsa ke nan: a ga abin da ke maimaituwa, a nemi dalilinsa.

Ga inda hatsarin yake. Likitanki yana ganin tudu, bai san da kofi biyu ba. In ya ƙara ƙarfin ƙwaya don ya danne shi, ranar Juma'a da ba shayi ƙwayar za ta ja ki ƙasa, kuma faɗuwar suga ga tsohuwa ta fi tudun nan saurin yin ɓarna. Don haka dole ya ji gaskiya kafin ya taɓa maganin. Kar kuma ki ɓamɓare maɓallin. Ba ya komawa, kuma ɓoye wa likita shi ne zai cuce ki.

Ihun bayan azahar na iya zama saboda kin danne maɓallin da jikinki, hakan kan sa ya nuna ƙasa alhali ba haka ba ne. Ki juya ɗaya gefen, a soki yatsa a gwada. In yatsa ma ya nuna ƙasa da saba'in, ko kika ji rawar jiki da zufa, to nan ne wurin mazarƙwailarki: ki ci gutsure kamar girman dabino ɗaya, a sake gwadawa bayan minti goma sha biyar, a kuma sanar da likita ran nan. Ki ƙulle ɗan gutsuren a gefen mayafi saboda haka.

Ban ce ki bar Bakht Zamina ba, kar ma kowa ya ce. Zaman hantsin nan yana cikin lafiyarki. Abin da al'ada ta hana shi ne mayar da kofi, ba ta ce sai da dunƙule a kunci ba. Ki tafi mata da wayar, a nuna mata tudun da kuma layin ranar Juma'a. Yau ku sha ba mazarƙwaila, gobe kofi ɗaya da gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, jibi koren shayi da kirfa, ku ɗan taka zuwa bakin gona bayan kun sha, ku ga abin da layin zai ce kowace rana. Matar da ta shekara goma sha ɗaya tana dafa miki shayi ba suga ba za ta so ƙafarki ta tafi ba. Tsoro ta ji za ki bar ta.

Naimat ma tsoro ne. Ya ga abin da ya sami yayarki, yana nesa, layi kawai yake gani. Ki ji tausayinsa. Amma ya zalunci matarsa, kuma ke ce za ki gaya masa da bakinki, ki ce ya ba ta haƙuri.

Palwasha kuwa ba fushi take ba. Ta karanta layin tun ran Juma'ar nan. Ta sani. Ta zaɓi ta sha faɗa da ta tona ki a hana ki ƙawarki, ƙwan da take ba ki kuma don ki tafi da abu a ciki ne, tudun ya rage tsayi.

Kin ce ba ki iya karatu ba, dole wani ya karanta miki amsar nan. Kar ki kai wa matar liman. Ki miƙa wa Palwasha jaridar, ki ce ta fara tun daga wasiƙarki.

Palwasha, in ke ce ke karantawa yanzu, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri. Ki ajiye jaridar haka nan, Inna tana da magana da ke.

Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare a gidanku.