Ya Dawo, Yaya

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar Inna? Ina fatan maigidanki da yara duk suna lafiya.

Ni dai alhamdu lillahi, ina zuwa gidan burodi, sai dai yanzu a zaune nake ƙulla leda, tsayuwa gaban tanda ta fi ƙarfina.

Kin tuna tiyatar bara, da aka cire min ciwon daji a dubura? Ranar Talata na koma a duba ni. Likitar ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta jawo kujera kusa da ni ta ce, "Ya dawo, ya kuma taɓa hanta." Na tambaye ta saura nawa. Ta ce magani zai ja min lokaci, amma ba za ta yi min alkawarin shekara biyu ba.

Kada ki tayar da hankalinki, ina cin abinci. Ki ce wa Auta kada ta jira ni, a ɗaura mata aurenta. Inna kuwa da bakina zan gaya mata. Ranar Asabar zan kira. Ki zauna kusa da ita, ki riƙe mata wayar.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninki