Tashar da Aka Soke

Takwarata,

Ga kacici-kacici kafin gaisuwa: wace marar kunya ce ta zo garinku ranar Laraba, ta gan ki kina shanya, goye da jariri, ta wuce ko sallama babu?

Yi ta tunani. Ina gaida mijin nan naki mai rowar magana. Yaya tattaɓa-kunnena da ban taɓa ɗauka ba? An ce hancina ya kwaso, Allah ya ba shi haƙuri.

Lafiya lau nake a gidan kawunki. Ƙugun ne dai. Likita ya ce in na shiga mota a hanyarmu mai ramuka, a kwance za a sauke ni. Na ce ai akwai jirgi. Ashe tun da gwamnati ta miƙa wa kamfani aka soke tasharmu, wai ba fasinja. Shekara talatin marigayi kakanki yana ɗaga tuta a wurin, yau jirgin ko rage gudu ba ya yi. Ba kuka nake ba, hayaƙin birni ne.

Roƙona ɗaya: Laraba mai zuwa da hantsi ki tsaya a tsohuwar tasha. In jirgi ya taho, ki ɗaga yaron sama, fuskarsa wajen tagogi. Kada ki sa masa hula. Allah ya raya shi.

Marar kunyar nan kuwa ni ce, kakarki. Tikitin garin gaba na yanka, na zauna jikin taga ina ta kiranki. Gilashin ba ya buɗewa.