Karayar da Ba ta Ɗoruwa a Aliero

Daga Alƙahira, ƙasar Masar

Kawu Jibrin,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da Inna Barakatu da yara.

Kada hankalinku ya tashi, da sauƙi. Ana gobe zan taso gida na zame a banɗaki, ƙashin cinyata ya tsage daidai inda aka dasa mini ƙarfen ƙugu.

Saƙonku ya iso, cewa in dawo Aliero ku ɗora ni kamar yadda kuka ɗora rabin garin. Wallahi da ƙashi ne kaɗai, da tuni ina kwance a zaurenku. Amma likita ya nuna mini hoton. Ƙarfen ya yi sako-sako a ciki, idan aka ja ƙafar zai ƙarasa fasa ƙashin. Sai an sake yin aiki. Sun hana ni hawa jirgi, ko zama ma ba na iyawa. Bango nake kallo tun safe.

Ku ce wa Inna bana ba da ni za a cire albasa ba. Ban raina ɗorinku ba, Kawu. Ku yi mini tofin daga can, ku ambaci sunana.

Ɗanku,
Mubashir