Kukan Kwamfuta da Kukan Jikata

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa, ya ƙarfin jiki? Ya maigidanki, ya kuma sabuwar amaryata? Tun da aka ce kin sauka lafiya bakina ya ƙi rufuwa.

Ni lafiya lau nake, sai dai hutun da na nema bai samu ba. Manyan kwamfutocin da nake kula da ɗakinsu ne suka riƙe ni. Injiniya ya haɗa su da wayata, wai ko ina gida za su sanar da ni in zafi ya yi yawa ko intanet ta yanke. To, ko ƙofa aka buɗe sai su aiko! Waya ta yi ƙara, in zabura ina zaton hoton jaririya ne, ashe su ne. Na ce, "Injiniya, 'ya'yan nan naka sun fi jariri rigima." Ya yi dariya, amma oga ya ce babu tafiya sai sun natsu.

Don Allah ki ɗauki kukan amaryata a waya ki turo, Injiniya ya sa mini a madadin ƙarar. In dai kuka zan yi ta ji, gara nata.

Allah ya raya mana ita.

Babanki