Ƙyallayen Cikin Adakar Iya

Daga Babban Darakta mai kula da kayan tarihi na ƙasa baki ɗaya, zuwa ga Hajiya Iya Dije ta garin Kankia.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta dace da manya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a inda kike.

Hajiya, ina sanar da ke cewa ofishina ya aike ni zagayen ƙasar Kankia da Kusada, in binciko mutanen da ke tara abubuwa ba don ci ba, ba don sayarwa ba. Na zagaya kuma na gani. A Rimaye na sami dattijon da ya cika ɗaki da matattun rediyo, ba wadda ke ko tari, amma kullum sai ya bi su ya goge. A Fakuwa akwai manomin da ya rataye zangarniyar gero da dawa iri-iri a rufin zaure, har da irin da aka daina shukawa tun yana yaro, kuma duk tsananin shekara ba ya bari a sussuka ko ɗaya. Ga wani ɗan acaɓa a Kusada mai tara makullan da kwaɗonsu ya ɓata. Duk na duba, na auna, na yanke hukunci: ba wanda ya kamo ƙafarki. Ke ce ta ɗaya, ke da adakarki ta ƙyallaye.

Sai dai na zo da lambar girma na iske ɗaki a kulle. Aka ce mani kin riga mu gidan gaskiya tun farkon damina.

Bincikena ya nuna ba a taɓa ɗinka sabon kaya a danginku ba, na biki ko na suna ko na salla, ki bar wa tela ragowar. Sai kin aika an karɓo maki ƙyalle, ko da bai wuce tafin hannu ba. Ki ninke, ki sa cikin adaka, ki barbaɗa kanumfari don kada asu ya ci. Ranar Juma'a da hantsi ki shimfiɗa tabarma gindin iccen bedi, ki fiddo su su sha iska, kina ɗagawa ɗaya bayan ɗaya kina kiran masu su. "Wanga na bikin Saude ne, ran da ruwa ya kashe muna wutar girki." "Wanga Ɗanlami ya sa ran saukarshi, riga ta yi mashi yawa har yana takawa."

An kuma shaida mani kina da wani taƙadarin jika da kika raina, wanda ya hana ki sakat. Shi ne mai kiranki matata 'yar bola. Shi ne ya taɓa kawo maki 'yan gwangwan har ƙofar gida, wai su auna adakar su ba shi alewa. Shi ne ya ɗaura wa bunsurun maƙwabta ɗankwali ya ce ga kishiyar rediyo ta zo gaishe ki, maganar da har yau ba wanda ya san ma'anarta, har shi. Kin bi shi da muciya har bakin rijiya kina cewa, "Ango marar cefane, in na kama ka sai na sake ka da kaina!"

Wanga yaro, Hajiya, ɗan ɗiyarki ne ta fari, wadda ta haife shi ta cika tun kafin ranar suna. Ba ta bar hoto ba. Kayan ɗakinta an raba tun yana zanen goyo. Abin da ya rage nata a duniya bai wuce shi kanshi da ƙyalle ɗaya na zanen aurenta ba, yana cikin adakarki.

Ke kuwa alkunyar ɗan fari ta ɗaure maki baki. Ba ki taɓa faɗin sunanta ba, tana raye ko bayan ranta. In zance ya tilasta sai ki ce "yarinyar nan", ki kau da kai. Kowane ƙyalle yana da labari a bakinki, ban da nata. In ya tambaye ki wanne ne, ki ce, "Kai da Allah tashi ka ba ni wuri." Ranar da ya matsa ƙwarai kika dube shi kika ce, "In ka yi hankali ka gane da kanka."

Iya, hankalin bai zo ba, ke kuma kin tafi.

Ranar rabon kayanki ina zaune bakin ƙofa. Na san ba ni da kaso, jikan da uwarshi ta riga mutuwa ba ya cikin magada, wannan a gaban Malam na ji shi tun ina rungume da allo. Adaka ta faɗa rabon Gwaggo Rabi, aka zazzage abin da ke ciki a tsakar ɗaki kamar shara. Matar Kawu Sule ta ce tsummokaran nan sa yi daidai da cikon matashi, wanda ya rage a goge tukunya.

Na miƙe na ce a bar mani su. Ɗaki ya ɗauki dariya. Suka ce yau kuma bunsurun wa za a yi wa kwalliya. Na rantse, suka ƙara dariya. Ran nan na gane wahalar mai barkwanci, Iya: ranar da ya zo da gaskiyarshi ba mai saye. Na duƙa na kwashe su cikin buhun taki, idona na zuba, su suna cewa wallahi yaron nan ya iya wasa.

Na yi dabara. Na ce tunda kin kira sunan kowa kin tsallake ɗaya, bari in ware duk wanda na san mai shi, wanda ya rage shi ne nata. Na shimfiɗa tabarmarki gindin bedin, na fara. Na Saude na gane. Na Ɗanlami na gane. Na gane na sunan tagwayen Gwaggo, da na sallar da aka yi muna anko da atamfa mai zanen kifi. Daga nan kai ya tsaya. Kan da ya riƙe izu bayan izu bai riƙe muryarki ba. Abin da na sani ya cika faifai, abin da ban sani ba ya kusa cika buhu.

Na hau mota na tafi Yashe wurin aminiyarki Iya Tabawa, don ita ta raka amarya a lokacin bikin uwata. Na iske idonta ya tafi. Ta sa na zuba mata su a cinya, tana shafawa tana sunsunawa. Ta ce tana jin zanen kore ne. Can ta ce a'a, kamar shuɗi. Da zan tafi ta riƙe mani hannu ta ce, "Dije ba ta taɓa nuna wa kowa ba. Amma yana ciki, wannan ko da Alƙur'ani na dafa."

Da wannan na dawo gida, ba da komai ba. Yana ciki.

Na kwana biyu ina juya maganar, sai na ga ashe matar Kawu ce ta fi mu duka gaskiya. Na je wurin tela ya ɗinka mani rigar matashi mai zik. Na ninke su ɗaya bayan ɗaya yadda kike yi, wanda na sani da wanda ban sani ba, na zuba duka. Na roƙi Gwaggo Rabi ta yanko mani gefen mayafinki mai ruwan ƙasa, na sa a sama. Ita dai ba ta yi dariya ba.

Yanzu in na dawo gona na kishingiɗa, kaina yana kan zanen uwata. Ban san wanne ba ne, kuma na sallama ba zan sani ba. Amma tun da aka haife ni ban taɓa samun kusa da ita kamar haka ba. Abin da ke damuna ƙanshin kanumfarin yana raguwa. Na sayo sabo na zuba, bai yi irin naki ba.

Makon jiya aka yi sunan ɗiyar Saude. Ban san sa'ad da ƙafata ta kai ni wurin tela ba, na tsaya kamar mai jiran saƙo. Ya dube ni, ya duƙa ƙarƙashin keke ya miƙo mani ƙyalle. To ga 'yar bola ta tafi ta bar ɗan bola.

Allah Ya jiƙan ki, Iya. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi, Ya sa can ta fi nan. Allah Ya haɗa ki da ɗiyarki Hauwa'u, na faɗi sunan tunda ke kin kasa, a inda ba mai jin kunyar wani. In kun haɗu ki nuna mata ni daga nesa, ki rage mani zunubi wurin ba da labari.

Maganar Darakta kuwa, na san tun layin farko kin gane. Ba ofis, ba lamba, ba mota. Mai rediyo da mai zangarniya da mai makullai gaskiya ne, wurin yawon tallan takalman roba a kasuwannin ƙauye na gan su. Sauran duk tsiyata ce. Na ga ban taɓa zuwa maki da maganar kirki kai tsaye ba, shi ya sa na aro babbar riga, ko Allah Ya sa wannan karon ki saurara ba ki ɗauko muciya ba.

Ni ne angonki marar cefane,
Mudi.